Masu Shan Shayi da Sikeli

Kowane zamani da irin ciwon da yake kama masu ɗan abin hannu. An yi yayin kiwon tantabaru, an yi na dawakin kilisa, an yi na tara kwalaben turaren da sai an murɗe harshe kafin a kira sunansu. Yanzu kuma wani sabo ya ɓullo a unguwannin masu hali, alamarsa ta farko kuwa ita ce mutum ya daina shan shayi ya koma "ɗanɗana" shi. Ka kawo masa ruwan zafi da ganyen nan mai zare da muka buɗe ido muka tarar, sai ya ɗaga zaren da yatsu biyu, ya kawar da kai, ya ce, "Wannan ai ƙura ce."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. A masana'antar shayi, bayan an murƙushe ganye an tankaɗe, manyan ɓarɓashi sukan tafi gefe guda, ƙanana gefe guda. Mafi ƙanƙanta, wanda su kansu 'yan kasuwar suke kira ƙura, shi aka fi ɗurawa a 'yar jakar takarda, domin ba ya ɓata lokaci wajen rina ruwa. Ita kanta jakar, yadda ake ba da labari, rashin fahimta ne ya yaɗa ta. Wajen 1908 wani ɗan kasuwa a New York, Thomas Sullivan, ya riƙa aika wa abokan cinikinsa samfurin ganye a 'yan jakunkunan siliki, su kuwa suka riƙa jefawa a ruwan zafi da jakar da komai. To amma faɗin gaskiya daban, faɗinta a falonka, da kofinka a hannu, kuma daban.

Yawanci a Guangzhou ake ɗauko ciwon. Alhaji ya tafi sarin tayil ko kayan waya, mai kamfani ya zaunar da shi gaban wani faffaɗan teburin katako mai magudanar ruwa, ana ciniki ana zuba masa shayi a kofin da kurɓi biyu ke ƙarar da shi. Kwana biyu sai ka ji ya ce wa tafinta ya kai shi Fangcun, unguwar da babbar kasuwar ganyen shayi take. Ya dawo gida da kwantenar tayil guda da akwatin busasshen ganye guda, kuma a filin jirgi akwatin ya fi tayar masa da hankali. Wanda bai samu biza ba kuwa a YouTube yake kamuwa, da tsakar dare, da datar da ya saya da niyyar sauraron tafsiri.

Daga nan sai kayan aiki su fara shigowa gida ɗaya bayan ɗaya. Da farko sikeli, irin na masu sayar da gwal. Sai ma'aunin zafi. Sai agogon ƙirga daƙiƙa. Sai ɗan kwanon tangaran mai murfi da ake kira gaiwan, wanda sai ya ƙona yatsun sabon shiga na wata guda kafin su saba. Sai uwa uba 'yar butar yumɓu ta garin Yixing. Wannan buta tana da sharuɗɗan da ko amarya ba ta kafa irinsu: ganye iri ɗaya kawai ake jiƙawa a cikinta har abada, kuma sabulu ba ya taɓa ta, domin yumɓun yana tsotsar ɗanɗanon shayi a hankali, shekara da shekaru, wannan dattin da ya taru kuwa shi ne darajarta.

Ba a taɓa yi wa Hajiya wannan bayanin ba. Ranar da ta shiga gyaran falo ta ga buta ta yi baƙi ƙirin a ciki, sai ta yi abin da kowace mace mai tsafta za ta yi: ta sa soson ƙarfe da garin sabulu ta dirje ta har tana ƙyalli, ta ajiye tana jiran a yaba. Maƙwabta sun ce sun ji salati daga gidan kamar an yi rasuwa.

"Alhaji, lafiya? Ai wanke maka ita na yi."

"Hajiya, shekara uku kika wanke! Shekara uku!"

Rikici na biyu turaren wuta ne. Ganyen shayi yana zuƙar duk ƙamshin da ya kusance shi, Hajiya kuwa ba ta yarda a ce ɗakinta ya wuni ba hayaƙin turare ba. Na uku shi ne ɗan kwaɗon yumɓun da Alhaji ya ɗora a gefen tire yana zuba masa ragowar shayi, yadda 'yan Sin suke yi don ado da wasa. Wannan kam sai da aka kira Kawu daga ƙauye. Kawu ya daɗe yana kallon kwaɗon, sannan ya ce, "Ɗana, in wani abu ne suka ba ka a can, ka faɗa mana tun da wuri a nemi taimako."

Allah ya sa kada ka zama baƙon irin wannan Alhaji da yunwa a cikinka. Zai ce ka zo shan shayi bayan La'asar. Kai kuma da jin haka ka rage cin rana, kana hango burodi da wainar ƙwai. Ka zauna. Ya buɗe gwangwani, ya miƙo maka busasshen ganye ya ce ka shinshina. Ka shinshina, ka ce masha Allah. Ya auna giram 5, allura ta ɗan wuce, ya cire ganye biyu da ɗan matsi. Ya zuba ruwa, ƙamshi ya tashi, ka gyara zama. Sai kawai ya tuttular da ruwan a tire.

"Subhanallahi! Alhaji, zubewa ya yi?"

"A'a Malam, wannan na farkar da ganye ne."

Ashe ganyen barci yake yi. Kai da ka taso ana ce maka almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu ne, sai ka yi shiru. Na biyu ya zo, daƙiƙa 20 cif. Ka waiga hagu da dama, babu gwangwanin sukari, babu madara, babu ko cokali. Ka yi ƙarfin hali ka tambaya. Kallon da zai yi maka, ko wanda ya nemi rancen kuɗin Hajjinsa ba zai samu irinsa ba.

Sannan ga tambayar da ta fi komai wuya: "Me ka ji?"

A al'adarmu, wanda daɗin abinci ya kwashe shi har ya fara sakin zance, cewa ake ya yi santi, a yi masa dariya, a yi shekara ana tuna masa. Mutumin kirki shiru yake cin tuwonsa, ya sha ruwa, ya ce alhamdu lillahi. Su kuwa waɗannan bayin Allah sun mai da santi fannin ilimi, har da littafin rubuta shi. Alhaji zai lumshe ido ya ce yana jin ɗanyar ciyawar da aka yanka da sassafe, daga baya soyayyar gyaɗa ta biyo, can ƙarshen harshe kuma wani bauri mai ladabi. A wani ganyen ya ji ƙasar da ruwan farko ya daka, a wani ya ji tsohuwar fatar sirdi, kuma yabo ne. Kai dai abin da ka ji shi ne zafi. In ka faɗi haka, ka jawo wa kanka lacca har Magariba.

Laccar kuwa, in za a yi adalci, akwai abin ƙaruwa a cikinta. Duk shayin gaskiya, kore da baƙi da fari da wanda ake kira oolong, daga tsiro ɗaya yake, Camellia sinensis. Bambancin yana wurin sarrafawa. In aka murza ɗanyen ganye aka bar shi ya sha iska, sai ya rine, yadda farin goro yake yi in an gutsura an ajiye. Wannan shi ne baƙin shayi. In aka yi maza aka gasa shi a kasko, yadda ake yi a Sin, ko aka turara shi, yadda ake yi a Japan, ba zai rine ba. Wannan shi ne kore. Oolong yana tsakiya. Har nan babu gardama.

Gardamar tana farawa ne idan aka zo kan farashi. Longjing na birnin Hangzhou ya fi tsada in an tsinke shi kafin bikin Qingming na farkon Afrilu. A ƙara kwanaki kaɗan, bishiyar ita ce dai, gonar ita ce dai, amma kuɗin ya sauko. Darjeeling na Indiya yana da tsinkar farko a Maris da Afrilu, kuma mai daraja a cikinsa yana ɗauke da haruffan SFTGFOP a bayan sunansa, digirin da ko farfesa bai tara ba. A Taiwan akwai wani oolong da ba ya yin daɗi sai wani ɗan ƙwaro mai tsalle ya cicciji ganyen, domin cizon ne yake sa shi ƙamshin zuma. Manoman ba sa fesa magani, jiran ƙwari suke yi. Ka je ka ba manomin wake wannan labari ka ga ko zai ba ka ruwa ka sha. Akwai kuma Lapsang Souchong, wanda ake busarwa a kan hayaƙin itace. Shekara nawa iyayenmu mata suna dafa ruwan shayi a murhu yana ɗaukar hayaƙi ana yi musu faɗa? Ashe kayan ƙasar waje suke ba mu kyauta.

Sarkinsu duka shi ne Da Hong Pao. Tsofaffin bishiyoyinsa na asali guda shida ne a jikin wani dutse a tsaunukan Wuyi na lardin Fujian. A 2002 an sayar da giram 20 na ganyensu a kan yuwan 180,000, kuma tun 2006 hukuma ta hana tsinkarsu. Abin da ake sayarwa yau da wannan suna daga rassan da aka dasa ne da jikokinsu. Amma Alhaji yana da rabin kilo a kabad, har ragi aka yi masa, kuma in ka ji yadda yake ba da labari sai ka rantse shi ya hau dutsen.

Ruwa ma bai tsira ba. Wajen shekara ta 760 wani masani a Sin, Lu Yu, ya rubuta littafi sukutum a kan shayi, inda ya fifita ruwan idon dutse, ya sa na kogi a tsakiya, ya ajiye na rijiya a ƙarshe. Tun da Alhaji ya ji haka, ɗan garuwan unguwa ya shiga uku, kullum sai an tambaye shi asalin ruwansa da danginsa. Zafin ruwan kuma da lissafi: koren ganye kusan digiri 80, baƙi sai ya kusa tafasa, wani koren Japan mai suna gyokuro kuma wajen 60 ya ishe shi. Ranar da aka ɗauke wuta butar lantarki tana digiri 72, sai aka ta da janareta saboda digiri takwas, gidan da yara suka kwana da zufa jiya don ana tsimin mai.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke da irin waɗannan mutane. Hukumar ƙa'idoji ta Birtaniya ta fitar da takarda mai shafi 6 a 1980, a kan yadda ake jiƙa shayi don ɗanɗanawa: giram 2 ga kowane mililita 100, minti 6. A 1999 aka ba ta lambar Ig Nobel, wadda ake bai wa ayyukan da sukan sa mutum dariya kafin su sa shi tunani. Ita takardar don ƙwararru aka yi ta, irin waɗanda ke aiki da kasuwar gwanjon shayi ta Mombasa a Kenya. Su sukan jera kofuna, su ɗebi cokali guda, su zuƙa da ƙara don ruwan ya fantsama ko'ina a baki, sannan su tofar a wani mazubi. Aikinsu ne, da shi ake yanke farashi. Shi kuwa Alhaji ya kwaso zuƙar ya kawo ta gaban surukai. Ƙarar da uwa take dungure wa yaro kai a kanta, ita ce yanzu shaidar wayewa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane mai harshe da mai baki kawai. A Ingila, a shekarun 1920, wata masaniyar kimiyya, Muriel Bristol, ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Abokin aikinta Ronald Fisher ya tsara mata jarrabawa: kofi takwas, huɗu haka huɗu haka, a cakuɗe. Mai cinke zalla, sau ɗaya cikin 70 zai dace da duka. Labarin da aka bayar shi ne ta faɗi duka daidai, shi kuma Fisher ya sa tsarin jarrabawar a littafinsa na 1935, har yau ɗaliban ƙididdiga suna karanta shi. To mu ma muna da gonar shayi a Kakara, kusa da Gembu a tsaunin Mambilla. A jiƙa kofi huɗu na can, huɗu na gwangwanin Alhaji, a rufe masa ido. In ya ci, mu yi masa mubaya'a. Sai dai duk ranar da aka kawo wannan shawara, ranar ce ya ci yaji da rana, ko mura take neman kama shi.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muke dariya, me muke sha? Je teburin mai shayi da safe ka kasa kunne. "Haɗa min mai kauri." Cokali uku na Milo, rabin gwangwanin madara, sukari har sai mai shayi da kansa ya ɗago ya dube ka, sannan a tsiyayo ruwa ta rariyar da ganyenta yake aiki tun Asuba. Wani ma cewa yake kada a sa ganye ko kaɗan, kuma in ya gama ya ce ya sha shayi. Wanda ya sha ba madara kuwa ruwan bunu ya sha, a tausaya masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin babban mutum a wuni kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 12, in da hali ma 6. Akwai masu gama kason Litinin da Talata a kofi guda, kafin su taɓa burodi. Ga kuma masu shayin gida da suke zuba citta da kanumfari da masoro da kimba da kirfa, da wasu saiwoyi da ba a faɗin sunansu gaban yara, har ganyen ya rasa wurin tsayawa a tukunya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ya fi ban dariya a zancen nan yana bakin ƙofar Alhaji. Can a kan tabarma, Buzun da ke gadin gidan ya hura gawayi ya ɗora 'yar butarsa. Ganyensa ba na jaka ba ne, kore ne, daga Sin ɗin dai ya zo, kuma in ka canza masa iri tun daga ƙamshi zai gane. Kofunansa ƙanana ne. Ganye ɗaya yake juyawa zagaye uku, na farko da ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku da zaƙi. Yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta tsaya, ba ya gaggawa, ba ya bari a sa shi gaggawa. Haka ake yi a Agadas, haka ake yi a fadojin samarin Damagaram da Yamai. Wato ganye ba jaka, ƙaramin kofi, jiƙo bayan jiƙo da haƙuri, duk abin da Alhaji ya biya biza da kuɗin jirgi ya koyo, ana yin sa a ƙofar gidansa shekara da shekaru yana wucewa a mota da gilashi a rufe.

Alhaji zai ce ai Buzu tafasa koren ganye yake yi, kuma yana zuba sukari, wannan kuwa kisan kai ne. To an ji. Amma a ƙirga takalma. A bakin tabarma akwai na direba, na mai guga, na ladanin unguwa, na 'ya'yan Alhaji biyu, da na baƙon da ya fito daga falo yanzu yana neman abin da zai wanke bakinsa. A bakin falo kuwa takalmi ƙafa biyu ne, na mai gidan. Su kansu manyan wannan fanni sun san inda zancen yake. Sen no Rikyu, gwanin shayin Japan da ya rasu a 1591, ɗakin shayinsa tabarma biyu ne, ƙofarsa kuma 'yar ƙarama ce, har jarumi sai ya ajiye takobinsa a waje ya shiga da rarrafe, domin kowa ya bar girman kansa a bakin ƙofa. Namu almajiran sun haddace digiri da giram, wannan babin ne kawai suka tsallake.

Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi. Ba mu ce Alhaji ya jefar da sikeli ba. Mai son abu ya so shi da ilimi, ya fi mai son sa da ka. Roƙonmu kawai, in ya gayyaci mutum ya ajiye burodi a gefe, in baƙo ya ce zafi ya ji a karɓa masa, mu kuma mu rage cokali ɗaya ko za mu san ɗanɗanon abin da muke sha tun muna yara.

Saura magana ɗaya, ta dukiyar da ke saman kabad. Akwai wani shayi na lardin Yunnan mai suna pu'er, wanda ake dannewa ya zama faifai mai giram 357, a naɗe a takarda, a ajiye shekaru yana tsufa yana ƙara daraja. A Sin mutane sun taɓa mai da shi jari suna ɓoyewa, farashi ya yi ta hawa, a 2007 ya rikito da su. Alhaji bai ji wannan ɓangaren ba. Ya jera nasa, ya ce sai nan da shekara 20 za a taɓa, ga hunturu yana busar da su, ga turaren Hajiya yana shiga. Allah ya ja da ran Alhaji, amma ina tausayin malaman da za su raba gadon nan. Tumunin faifai ɗaya giram 44 ne da ɗoriya. In matan huɗu ne, kowacce ta tashi da giram 11. A nan ne dai sikelin zai yi rana.

Ko da yake da wuya a kai ga rabon. Ranar sadakar uku, baƙi sun cika rumfa, ganye ya ƙare, wata gwaggo za ta hau kujera ta lalubo faifan nan, ta ɓalla guda uku a babbar tukunya, ta daka citta da kanumfari ta zuba, a tafasa har sai ya yi baƙi. Unguwa gaba ɗaya za ta sha, kowa da cikakken kofi. Dattijai za su girgiza kai su ce, "Allah ya jiƙan Alhaji, ashe yana da ganye mai kyau haka ya ɓoye mana. Yaro, ƙaro sukari."